Dokar mafi ƙarancin albashi: wa ta shafa a Sakkwato, wa ta tsallake?

Duk inda aka zauna hirar tsadar rayuwa a Sakkwato, a majalisar ƙofar gida ko a teburin mai shayi, da wuya a tashi wani bai ce gwamnati ta ƙara albashi ba, wani kuma ya mayar masa da cewa shi dai bai ga komai a aljihunsa ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa. An yi dokar, an sa mata hannu, amma tun daga rubutunta ta bar mafi yawan masu neman abinci a wannan jiha a waje. Ya kamata kowa ya san ɓangaren da ya faɗa, domin wanda dokar ta shafa yana da haƙƙin da zai iya karɓa ta kotu, wanda ta tsallake kuwa kukansa wani wuri ya kamata ya kai shi.

Ranar 29 ga Yuli, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran da ya ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a wata. Gyara ne aka yi wa dokar 2019 wadda marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, kuma abu biyu ya taɓa: yawan kuɗin, da wa'adin sake dubawa, wanda aka rage daga shekara biyar zuwa uku. Sauran sassan dokar suna nan yadda suke. Abin ya samo asali ne tun 1981, lokacin da ɗan wannan jiha, Alhaji Shehu Shagari, ya amince da naira 125. A zamanin nan naira ta fi dala daraja, kuɗin sun kai kusan dala 200. Naira 30,000 ta 2019 ta haura dala 80. Naira 70,000 kuwa, ranar da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba.

Kafin a kai ga wannan adadi sai da aka sha ja-in-ja. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun fara da neman naira 615,000, suka sauko har zuwa 250,000. Gwamnati ta fara tayi da 48,000. A farkon Yuni 2024 aka shiga yajin aikin da ya kashe wutar lantarkin ƙasar baki ɗaya, sannan aka daidaita a tsakiyar Yuli.

Kundin tsarin mulki ya sa kayyade mafi ƙarancin albashi cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka gwamna ba ya da ikon yin ƙasa da naira 70,000, shugaban ƙaramar hukuma ma haka, mai kamfani ma haka. Wanda ya ga dama ya ƙara, kamar yadda Legas ta kai nata 85,000. Gwamnatin Sakkwato ta Gwamna Ahmed Aliyu ta ɗauki 70,000, ta fara biya a Janairun 2025. Mutane da yawa suna ɗaukar dokar a matsayin ta ma'aikatan gwamnati kawai, kuma wannan kuskure ne mai janyo asara. Makarantar kuɗi, asibitin kuɗi, otal, masana'antar casar shinkafa, kamfanin masu gadi, duk suna ciki matuƙar sun cika sharaɗi.

Sharaɗin yana sashe na 4, kuma nan ne gizo ke saƙar. Duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta tilasta masa biyan wannan kuɗi. Ka zagaya Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa ka ƙirga shagunan da suka ɗauki mutum 25. Yaron shago, mai aikin gidan burodi na unguwa, tela da ke ɗinki a ƙarƙashin maigida, 'yar aikin gida, direban gida, malamar ƙaramar islamiyya ko nazire mai malamai goma, duk sun fita. Haka ma mai aikin da awoyinsa ba su kai na cikakken ma'aikaci ba, da wanda ake biyan sa la'ada ko gwargwadon abin da ya yi, kamar mai ɗaukar buhu ana ba shi kuɗi a kan kowane buhu. Sai kuma aikin da ke zuwa da lokaci, wanda dokar ta ba da misalinsa da noma: masu ƙwadagon dashen albasa a fadamun Goronyo da Wurno, da masu yankan shinkafa, babu abin da dokar ta tanada musu. Ɗan kabu-kabu da mai tura ruwa da manomin da ke aikin gonarsa ba su da mai biyan su albashi tun farko.

Idan aka cire waɗannan duka, abin da ya rage a jiha mai ƙananan hukumomi 23, wadda yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, bai taka kara ya karya ba. A ganinmu wannan iyaka ta mutum 25 ita ce babbar ɓarakar dokar. Hujjar masu kare ta ita ce ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya biya ba, in aka matsa masa sai ya sallami yaransa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ta buɗe wata ƙofa da wasu masu hali ke bi: mutum yana da gidajen mai uku ko makaranta mai rassa, sai ya yi wa kowanne rajista da suna daban, ko ya rubuta rabin ma'aikatansa a matsayin na wucin gadi alhali suna aiki daga safe har magariba, kwana shida a mako. Sunan da aka laƙa wa ma'aikaci a takarda ba ya rufe bakin kotu. Tana duba ainihin yadda aikin yake: awa nawa ake yi, wa ke ba da umarni, wa ke biya.

Ga wanda dokar ta shafa, akwai abin da ya kamata ya riƙe da kyau. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla a kan albashin da bai kai mafi ƙaranci ba, dokar ta ce ɓatacciya ce. Ko ma'aikaci ya sa hannu da kansa cewa ya yarda da naira 35,000, saboda ba shi da zaɓi ranar da aka ɗauke shi, wannan sa hannu bai cinye masa haƙƙi ba. Idan ya yi wata 12 ana biyan sa haka, yana bin cikon naira 420,000.

Sai dai kada a yi zaton naira 70,000 cif za ta faɗo a asusu. A aikace jimillar abin da ake biya a wata ake ƙirgawa, wato tushen albashi haɗe da alawus na gida da na mota da sauransu, kuma doka ta yarda a cire abin da wata doka ta wajabta. Wanda ke cikin tsarin fansho na karo-karo, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire masa kashi 8 cikin ɗari, mai aikin ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. In an lissafa a kan dukan 70,000, kashi 8 ɗin naira 5,600 ne, saura 64,400. Harajin albashi kuwa bai hau kan mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba. An ɗauke masa shi tun dokar kuɗi ta 2020, sabuwar dokar haraji ta 2025 ma ta bar shi a haka. Wanda ya ga an cire masa haraji a wannan mataki ya tambayi dalili a rubuce.

Mai aikin da ya ƙi biya laifi ya aikata. In kotu ta same shi da laifin, zai biya dukan bashin albashin, da tarar da ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari na albashin da yake biya a wata ba, da ƙarin wata tara da ake lissafawa bisa kuɗin ruwan Babban Bankin Najeriya a kan kowane watan da ya ci gaba da saɓawa. Dokar ta kuma wajabta masa ajiye bayanan albashi na shekara uku. Wanda bai ajiye ba tararsa tana iya kai naira 75,000, da 10,000 a kan kowace ranar da ya ƙara.

A takarda hukuncin yana da nauyi. Abin da ke kashe yawancin ƙorafe-ƙorafe tun ba su je ko'ina ba shi ne rashin shaida. An ɗauki mutum aiki da baki, ana biyan sa a hannu, ba rasit ba sa hannu, ranar da rigima ta taso sai maganarsa da ta maigida. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana aikinsa da albashinsa da sharuɗɗan sallama. A nemi wannan takarda tun ana shiri, kafin a ɓata. A roƙi a riƙa biya ta banki, a adana saƙon da ke shigowa waya, a karɓo bayanin asusu lokaci zuwa lokaci. In hannu da hannu ake biya, a ɗauki hoton shafin da ake sa hannu. Katin shaidar aiki da jadawalin aiki suna tabbatar da awoyi, jerin sunayen abokan aiki kuma shi zai nuna an kai mutum 25.

Da shaida a hannu, a fara da rubuta wa mai aikin takarda cikin ladabi, a faɗi abin da ake biya da abin da doka ta ce da watannin da ake bi, a riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata. In akwai ƙungiya a wurin, ta hannunta ya fi, domin dokar ta ba ƙungiyar ƙwadago ikon nema wa mambobinta, kuma mutum ɗaya ya fi sauƙin kora a kan mutum talatin. In ba a ji ba, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, wanda jami'ansa ke da ikon shiga wurin aiki su duba littattafan albashi. Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court), wadda ke da reshe a Sakkwato. Nan ma ana yawan ɓata lokaci: sai a kai ƙarar albashi ofishin 'yan sanda ko kotun majistare ko kotun shari'a, alhali sashe na 254C na kundin tsarin mulki ya keɓe irin wannan shari'a ga waccan kotu ita kaɗai. Sulhu ta hannun dattawa ko mai unguwa abu ne mai kyau in ya fitar da kuɗin, amma a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu.

Ma'aikatan gwamnati da suka daɗe da wuce 70,000 nasu ƙorafin daban ne. Dokar ƙasan tsani kawai ta gyara. Ba ta ce a ƙara wa mai mataki na 10 ko na 14 ko sisi ba. Ƙarin da suke samu yana fitowa ne daga zaman daidaitawa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyi, kuma kowace jiha da nata jadawalin. A 2019, a matakin tarayya, mai mataki na 7 ya sami kashi 23.2, masu mataki na 15 zuwa 17 suka sami kashi 14. Shi ya sa malamin firamaren da ya shekara ashirin da alli a hannu yake ganin sabon ɗauka ya kusa kamo shi. 'Yan fansho kuwa suna da sashe na 210 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce a sake duba fanshon jiha duk shekara biyar, ko tare da duk gyaran albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa.

Ko wanda ya karɓi kuɗin cif bai daina kuka ba, kuma lissafi yana bayansa. Daga 30,000 zuwa 70,000 ƙarin kashi 133 ne. Litar fetur kuwa, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin jawabin cire tallafi na 29 ga Mayu, 2023, ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ninki biyar ke nan. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Bayan juyin mulkin Nijar aka rufe iyakar Illela na tsawon watanni, ga 'yan bindiga sun hana noma a sassan Isa da Sabon Birni da Rabah. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuma a watannin ƙarshen shekarar Sakkwato ce kan gaba a tsadar abinci, da sama da kashi 50. Tun a Fabrairun shekarar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, ya yi gargaɗi a taron sarakunan Arewa a Kaduna cewa haƙurin talakawa yana gab da ƙarewa, a Agusta kuma aka fita zanga-zangar tsadar rayuwa a jihohi da dama. Naira 70,000 in aka raba ta kwana 30, naira 2,333 ce a rana, ga magidanci mai iyali, da cefane da kuɗin kabu-kabu da magani duk a ciki.

Dokar ba ta ɗaure albashi da farashi ba. Ko tiyar gero ta ninka, adadin yana nan sai majalisa ta sake zama. Wa'adin shekara uku zai cika a 2027, shekarar zaɓe. Kwamitin da ya yi aikin 2024, mai wakilan gwamnati da na ƙwadago da na masu kamfanoni, ya zagaya shiyyoyin ƙasar nan shida yana sauraron jama'a, kuma kowa yana iya miƙa takarda a irin wannan zama. Sanatocin Sakkwato uku da 'yan majalisar wakilanta 11 suna cikin masu kaɗa ƙuri'a a kan duk gyaran da za a yi, har da batun rage iyakar mutum 25 da na sa albashi ya riƙa motsi tare da farashi kowace shekara.