Tambayoyin da ake yawan yi mini kan tarihin shugabanni

Na daɗe ina koyar da tarihi a Birnin Kebbi, kuma tambayoyin nan sun ƙi ƙarewa.

Mene ne amfanin tarihin wanda ya riga ya rasu?

Ya rasu, amma kujerar da ya hau tana nan, kuma wani ne a kanta yau.

An ba ni littafin tarihin wani tsohon gwamna a wurin bikin ƙaddamarwa. In karanta ko in ajiye?

Ka karanta, ɗan'uwa, amma da sharaɗi. Fara duba wanda ya biya kuɗin bugawa, domin da wuya marubuci ya kushe wanda ya ɗauki nauyinsa. Wannan bai sa littafin ya zama banza ba. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da tarihin kansa a 1962 yana kan kujerar Firimiya, kuma mai mulki yana zaɓen abin da zai faɗa. John Paden, wani masani Ba'amurke, ya fitar da nasa binciken a kan Sardauna a 1986, shekara ashirin bayan kisan Sardauna. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya ya cuci kansa. Sannan ka nemi muryar 'yan adawa, kamar yadda labarin NPC, jam'iyyar Sardauna, ba ya cika sai an ji bakin 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU. Idan babu su ko kaɗan, mai yiwuwa yabo ne kawai a hannunka, ko da yake wani lokaci tsoro ne ya rufe bakinsu. Duk da haka, jerin hanyoyi da asibitoci da rijiyoyin burtsatse da aka rubuta shaida ne. Ka je ka gani ko suna nan. Abin takaici, yawancinku ba ku zuwa, sai dai ku yi ta gardama a majalisa.

Dole ne shugaban da zan karanta tarihinsa ya kasance zaɓaɓɓe?

A'a. Robert Moses, wani babban jami'in gwamnati a Amurka, bai taɓa cin zaɓe ba, amma ya shafe shekaru da dama yana juya ayyukan tituna da gadoji na birnin New York, kuma littafin Robert Caro na 1974 ya fallasa yadda ya yi hakan.

Turancina bai yi ƙarfi ba. Yaya zan yi?

Kada ka damu. Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati da Larabci, inda ya koka da yadda son duniya ya shiga zukatan wasu abokan jihadi. Ka nemi malamin da zai karanta maka shi da Hausa.