Waiwaye: daga kwabon Bristol zuwa rigimar makullin coci a Taraba

Duk wanda ya bi labaran Taraba a ƙarshen 2024 ya ji abun da ya faru a Munga Dosso cikin ƙaramar hukumar Karim Lamido, ranar Lahadi 15 ga Disamba, inda rikici tsakanin 'yan United Methodist da 'yan Global Methodist, ɓangarori biyu na cocin Metodis da ta dare, ya ci ran mutum uku, biyu daga ciki ƙananan yara ne, aka kuma ƙona gidaje. A Facebook kowa sai cewa yake ai rigimar auren jinsi ce ta Amurka ta biyo iska ta sauka a ƙauye. Eh akwai wannan, ba wanda zai musa. Amma in ka tsaya nan ba za ka taɓa gane yadda mutanen da suka yi shekaru suna zama a benci ɗaya, suna ɗaukar gawar juna zuwa makabarta, za su wayi gari ba sa ga maciji da juna ba. Sai ka san yadda aka gina wannan ɗarikar tun daga tushe, da kuma abun da coci take nufi ga mutumin ƙauye a ƙasar Muri.

Shi sunan Metodis ɗin ma asali ba'a ce. A jami'ar Oxford ta Ingila wajen 1729, John Wesley da ƙanensa Charles da wasu 'yan tsirarun ɗalibai suka tsara wa kansu lokacin addu'a, lokacin karatu, ranar azumi, ranar zuwa gaida fursunoni, komai da ƙa'ida, sai sauran ɗalibai suka riƙa tsokanarsu da wannan suna, kaman dai ka ce masu tsari ko 'yan ƙa'ida. Suna ya bi su har yau. John limamin cocin Angilika ne kuma har ya mutu a 1791 bai ce ya fita daga cikinta ba, sai dai limamai da yawa sun hana shi mumbarinsu, shi ya sa a 1739 ya fara wa'azi a fili a Bristol, cikin masu haƙar kwal da leburori waɗanda babu mai yi musu kallon mutane a manyan majami'u.

Toh a nan Bristol ɗin ne labarin da nake so ya fara. A 1739 ɗin suka gina ɗakin taro da ake kira New Room. Da farko Wesley ya sa sunan mutum goma sha ɗaya a takardar ginin a matsayin amintattu, sai abokinsa George Whitefield ya ja masa kunne, ya nuna masa cewa muddin ginin na hannunsu, ranar da wa'azinsa bai yi musu daɗi ba za su iya rufe masa ƙofa. Nan take ya soke takardar ya maida komai hannunsa, amma fa har da bashin ginin ya hau kansa. Ka riƙe wannan batun na waye mai gini, za mu dawo gare shi.

Bashin nan ne ya haifi abun da ya fi komai tasiri a rayuwar Metodis. A watan Fabrairu 1742 ana zaman yadda za a biya, wani mutum da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya duk mako. Aka ce ai wasu ko kwabon ba su da shi. Shi kuma ya nemi a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, zai riƙa zagayawa gidajensu duk mako, wanda bai samu ba shi zai cika masa. Wasu ma suka ɗauki nasu, aka raba jama'a rukuni-rukuni na kamar mutum goma sha biyu, kowane da shugabansa, aka kira shi aji. Ba a jima ba masu karɓar kwabo suka fara dawowa da labarin da ya fi kwabo, wane ya koma shan giya, wane yana dukan matarsa, wance tana kwance ba mai dubata. Wesley ya ga ai abun da yake nema ke nan. Daga baya maimakon shugaba ya bi gida-gida sai 'yan ajin su haɗu wuri ɗaya duk mako, kowa a tambaye shi halin da ransa yake ciki, a yi addu'a, a tara ɗan abun da za a taimaki mabukaci. Har kati ake bayarwa duk wata uku, wanda ya yi sake ba a sabunta masa, shikenan ya san matsayinsa ba sai an yi masa tsawa ba. Ni a ganina ko adashe bai kai wannan tsarin ɗaure mutane da juna ba, don a adashe kuɗinka kawai aka sani, a aji kuwa har cikinka an sani.

Kuma shugabannin ajin nan ba fastoci ba ne, masaƙa ne da maƙera da matan aure. Masu wa'azi ma da yawa ba a naɗa su ba, fasto ɗaya ne ke zagaya garuruwa a kan doki, kafin ya sake zagayowa jama'a ne ke riƙe da kansu. Sai waƙa. Charles Wesley ya rubuta waƙoƙi sama da 6,000, don mutumin da bai iya karatu ba ta waƙa yake haddace koyarwa. Akwai bukin ƙauna da suka aro daga wata ɗarikar Kirista ta Turai da ake kira 'yan Morabiya, burodi da ruwa kawai ake rabawa ana ba da shaida, akwai kwanan addu'a na daren shiga sabuwar shekara, da sujadar sabunta alkawari da aka fara a 1755.

Rabuwa kuwa ba baƙuwa ba ce a gidan. A Amurka cocin ta tsaya da ƙafarta a 1784, a 1844 ta tsage biyu a kan batun bayi, kudu da arewa, ba su sake haɗuwa ba sai 1939.

Wani abu da ke rikita mutane, har 'yan jarida, shi ne Metodis kala biyu ne a Najeriya tun kafin wannan rigima. Akwai Methodist Church Nigeria, wadda ta zo ta hannun Turawan Birtaniya lokacin da Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry ranar 24 ga Satumba 1842, ta samu cin gashin kai a 1962, ƙarfinta yana kudancin ƙasar nan da jihar Binuwai. Waɗannan ba ruwansu da abun da ke faruwa a Taraba, kar a shafa musu kashin kaji. Ta biyun ita ce United Methodist, wadda ta fi yawa a Taraba da Gombe da Adamawa, kuma ita ta wata hanya daban ta shigo.

Wani Ba'amurke Dakta C. W. Guinter ya zo a 1906 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission, ya yi shekaru a wajen Wukari, a 1923 aka buɗe tasha a Bambur cikin mutanen Wurkun. Shi ba ma sunan Metodis yake amsawa ba, ɗan cocin Evangelical ne, wadda Jamusawan Amurka suka kafa bisa tsarin Wesley, da ajinta da masu wa'azinta duka. Yankin kuwa harsuna ne birjik, Wurkun, Jenjo, Karimjo, Mumuye, Bandawa da sauransu, ƙauye zuwa ƙauye sai ka ji yare ya canza, don haka Hausa ta zama harshen sujada, musamman da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932. Cocin ta daɗe tana amsa sunan Hausa, Ekklesiyar Kristi a Sudan lardin Muri, daga baya Sudan ɗin ta koma Najeriya, tana cikin tarayyar coci-coci da ake kira TEKAN. A can Amurka kuma uwar cocin ta yi ta haɗewa da wasu har a 1968 a birnin Dallas aka haifi United Methodist mai tambarin gicciye da harshen wuta. Wato sunan daga baya ya zo ya tarar da mutanen Muri suna sujadarsu.

In ka shiga irin wannan majami'a ranar Lahadi za ka ga jinin Bristol bai tsinke ba ko da ba a san sunan Foy ba. A ƙauyuka da yawa mai bishara ne ke riƙe da jama'a, Rabaran sai ya zagayo don baftisma da jibin Ubangiji. Sujada takan ɗauki awa uku ba wanda ya damu, don kowace ƙungiya sai ta tashi ta yi nata, mawaƙa, matasa, 'yan Sabon Rai, sannan Zumuntar Mata da ankonsu da tulu da kacau-kacau, wanda in suka ɗauko baiti ko mai gyangyaɗi sai ya farka. Sanarwa kaɗai tana iya cin rabin awa, kuma a sanarwar ne za ka ji ainihin rayuwar gari, wa ya haihu, wa aka kwantar a asibiti, gonar wa za a je gayya, nawa aka tara na kwanon rufi. Baiko ba kullum kuɗi ba ne, lokacin godiyar kaka buhun masara ne da shinkafa da kaji. Ginin kansa kuwa mata ne suka ɗebo ruwa da yashi a ka, maza suka buga bulo. Ga makaranta, ga ɗakin shan magani, asibitin Bambur ma mishan ce ta fara shi. Mutumin da aka ce masa daga yau wannan ginin ba na ɓangarenku ba ne, ba wurin zaman safiyar Lahadi kawai aka karɓe masa ba.

Sannan akwai tsohon miki. Bishop na farko ɗan ƙasa, Done Peter Dabale, an zaɓe shi a 1992, ya rasu a 2006. Kefas Mavula ya gaje shi a 2007 amma ko shekara bai cika ba ya rasu a Janairu 2008, sai aka kawo Arthur Kulah daga Laberiya ya riƙe. A 2012 aka zaɓi John Wesley Yohanna a Saliyo, zaɓen da wani babban ɓangare, musamman na kudancin yankin, suka ƙi yarda da shi, har wasu suka ware. An yi shekaru ana zaman sulhu ana tashi, ana zargin juna da ƙabilanci da son kai wajen rabon muƙami da tura fastoci. Don haka kafin maganar Amurka ta iso tuni bango ya tsage.

Ita maganar Amurkan tun 1972 ake ta, lokacin da babban taron United Methodist ya rubuta a littafin dokoki cewa luwaɗi bai dace da koyarwar Kirista ba, a 1984 aka hana naɗa masu yinsa fasto. Duk shekara huɗu sai an sake gwabzawa, kuma ƙuri'un wakilan Afirka na cikin abun da ya riƙa tsare dokar. A taron musamman na St. Louis a 2019 masu riƙe da tsohon tsari suka yi nasara da ƙuri'a 438 a kan 384, amma wasu bishop-bishop na Amurka suka ƙi aiwatarwa, sai masu nasarar ne ma suka gaji suka fita, suka ƙaddamar da Global Methodist ranar 1 ga Mayu 2022. Majami'u sama da 7,600 suka bar United Methodist a Amurka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abun da ya ƙona wa mutane da yawa rai a Afirka shi ne ƙofar fita da gini da aka buɗe a 2019 majami'un Amurka kaɗai ta shafa, kuma ta rufe a ƙarshen 2023. Da aka zo taron Charlotte a 2024 babu sauran masu tarewa da yawa, aka cire haramcin duka, aka kuma amince kowane yanki na duniya ya tsara wasu dokokinsa daidai da ƙasarsa. Cikin wata guda 'yan United Methodist na ƙasar Kwaddibuwa suka kaɗa ƙuri'ar ficewa.

A ƙarshen Yuli 2024 Bishop Yohanna ya sanar ya koma Global Methodist, shi da magoya bayansa suna cewa cocin Najeriya ce gaba ɗaya ta yanke shawarar fita, ba za su zauna inuwa ɗaya da masu ɗaura auren jinsi ba. Waɗanda suka tsaya suka ce sam, ba a bi ƙa'idar fita ba, kuma su ma aure a wurinsu tsakanin mace da namiji ne, ga dokar Najeriya ta 2014 ta haramta auren jinsi, ga kuma sabon tsarin yankuna ya ba su damar riƙe nasu. A farkon Disamba aka zaɓa musu Ande Emmanuel a Ghana ya zama bishop, mako guda bayan nan aka yi na Munga Dosso. Ka lura da kyau, a kan ainihin batun auren ɓangarorin biyu a Taraba kusan bakinsu ɗaya, kuma da Hausa ɗaya suke waƙa.

Abun da ya rage shi ne tambayar nan ta Whitefield. Tun daga takardar da Wesley ya tsara a 1763, ƙa'idar Metodis ita ce gini na ɗarika ne gaba ɗaya, jama'ar gari riƙon amana suke yi, kuma United Methodist har yau da wannan take kafa hujja. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa su ne ɗarikar a Najeriya, suna kawai suka canza a rajista. Tsohuwar da ta ɗebo yashi a ka kuwa ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikin takardun ba. A farkon 2025 an sake yin arangama a makarantar horar da fastoci ta Banyam da ke Bambur, garin da aka kafa tashar 1923, kan wa ke da ikon yin taro a ciki, ita kuma maganar suna da rajista da kadarori lauyoyi suka kwashe ta zuwa kotu.