Fulorayid ɗin ƙarfe (FeF₃)

Fulorayid ɗin ƙarfe sinadari ne da ke samuwa idan zarra ɗaya ta ƙarfe ta haɗu da zarra uku na fulorin (wata iska mai guba da cin abubuwa). Akwai ɗan'uwansa FeF₂, amma wannan mai ukun shi masana suka fi bi ta kansa. Busasshensa gari ne fari mai ɗan kore-kore, nauyin mol ɗinsa (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) kusan giram 113, ba ya narkewa a wuta sai zafi ya haura digiri 1000, ruwa ma da ƙyar yake narkar da shi. Idan ya sha ruwa ya zama FeF₃·3H₂O, sai ya koma ruwan hoda mai haske.

Wanda ya saba ganin tsatsa a maƙera, ko jar ƙasar da ake zubawa a hanyoyin Damagaram, zai zaci duk abin da ƙarfe ya shiga ja ne. Wannan kuwa ya fita daban, kuma fulorin ne sanadi. Babu wani sinadari da ya kai shi kwaɗayin elektiron, in ya riƙe ba ya saki, saboda haka hasken da ido ke gani ba ya iya motsa su, launi bai fito ba ke nan. Ana nuna wa ɗalibai wannan a ɗakin gwaji cikin sauƙi. A ɗiga tiyosiyanat (wani gishirin gwaji) cikin ruwan da ke ɗauke da ƙarfe mai caji uku, nan take ya yi ja wur kamar jini. A zuba ɗan gishirin fulorayid a kaɗa, jan ya ɓace, ruwa ya koma garau, don fulorin ya ƙwace ƙarfen ya kewaye shi.

A cikin ƙwayar garin, kowane ƙarfe yana tsakiyar fulorin shida, kowane fulorin kuma yana haɗa ƙarfe biyu, sarƙa ta tafi ta kowane ɓangare. Wannan saƙa ce ta ba shi juriyar wuta. Ana samar da shi ta hanyar gasa kulorayid ɗin ƙarfe cikin iskar HF (haidurojin fulorayid, haɗin haidurojin da fulorin), mai ruwan kuma ta narkar da tsatsa cikin asid ɗin HF a bar ruwan ya ƙafe.

Masu yin tangaran na zamani suna amfani da shi, haka ma masu harhaɗa sinadarai wajen hanzarta wasu haɗe-haɗe. Amma babban aikinsa ba a ganinsa. Idan fulorin ko busasshen HF ya taɓa tukunyar ƙarfe, wata siririyar fata ta fulorayid takan lulluɓe cikinta, ta hana sinadarin ci gaba da cinye ta. Henri Moissan, masanin sinadarai ɗan Faransa, ya sha wuya kafin ya ware fulorin a 1886, don kusan duk mazubin da aka sa shi sai ya ci. Yau ga shi ana tura shi cikin bututun ƙarfe. Wannan ya shafi Nijar kai tsaye: an yi shekara da shekaru ana kai yuraniyom ɗin Arlit Faransa a mayar da shi UF₆ (haɗin yuraniyom da fulorin), shi kuma cikin manyan tankunan ƙarfe ake ajiye shi.

Inda hankali ya fi karkata yanzu shi ne batir. FeF₃ ɗaya na iya karɓar litiyom uku, ya rikiɗe ya zama ƙarfe da LiF (fulorayid ɗin litiyom). A lissafi hakan ya kai mAh 712 (ma'aunin yawan cajin batir) a kowane giram, alhali LiFePO₄ da ke cikin yawancin batiran sola na zamani 170 yake bayarwa. Ƙarfe ga arha, babu ruwansa da kobalt. Sai dai riƙon nan na fulorin shi ne kuma cikas: garin ba ya barin lantarki ya ratsa shi sosai, kuma wutar da ake sa masa wajen caji ta fi wadda yake mayarwa nesa. Ana niƙa shi luƙui a gauraya da kabon don rage matsalar, amma har yanzu bai bar ɗakin bincike ya shigo kasuwa ba.

Ƙurarsa tana ƙona fata da ido, kuma idan ya gamu da asid mai ƙarfi yakan saki HF, wanda ke ratsa fata ya janye kalsiyom ɗin jiki. Shi ya sa ake ajiye man kalsiyom gulukonat a kusa inda ake aiki da HF.