Ƙa'idojin amfani da kwamfuta da intanet a jami'a

Ƙa'idojin amfani da kwamfuta da intanet rubutattun sharuɗɗa ne da jami'a ko wata babbar makaranta ke gindaya wa duk wanda ta bari ya taɓa na'urorinta ko ya hau rezonta, ɗalibi ne ko malami ko ma'aikacin ofis, har baƙon da ya zo taro. A Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci ana kiran takardar charte informatique. Galibi sai mutum ya sa mata hannu kafin a ba shi sunan shiga da kalmar sirri. A cikinta ake faɗin abin da ya halatta, da abin da aka hana, da iyakar abin da masu kula da rezo za su iya dubawa, da hukuncin wanda ya saɓa.

Asali

A jami'o'in Amurka aka fara rubuta irin waɗannan sharuɗɗa, tun lokacin da intanet ta kasance ta masu bincike kaɗai. Rezon NSFNET da ya haɗa jami'o'in ƙasar, wanda ya yi aiki har 1995, yana da ƙa'idar da ta keɓe shi ga ilimi da bincike, ta hana kasuwanci a kansa. A ranar 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, ta tsayar da dubban kwamfutoci. Kotu ta same shi da laifi a ƙarƙashin dokar 1986 kan kutsen kwamfuta. A Janairun 1989 hukumar da ke kula da tsarin intanet ta fitar da takarda mai lamba RFC 1087, inda ta lissafa abubuwa biyar da ba a yarda da su ba: shiga inda ba a ba mutum izini ba, hana rezo aikinsa, ɓarnar abin da ake da shi, lalata bayanai, da tona asirin masu amfani. Har yau yawancin ƙa'idojin jami'o'i a kan waɗannan biyar suke tsaye.

Abin da ƙa'idar ke karewa a Nijar

Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ke Harobanda a tsallaken gadar Kennedy, ta faro ne a 1971, aka sa mata wannan suna a 1992. Ta Tawa, mai sunan Djibo Hamani yanzu, an kafa ta a 2010 tare da na Maradi da Damagaram. Dukkansu jama'a mai yawa ce ke raba intanet ɗin da bai wadata ba. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka layukanta sai sun ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa, ga kuma ɗaukewar wuta a lokacin zafi. Rezon jami'a kamar rijiyar unguwa yake a tsakiyar rani: wanda ya zo da tanki ya cika, ya bar na bayansa da guga babu ruwa. Ɗalibi guda da ke sauke fina-finai a ɗakin kwamfuta yana iya hana aji guda buɗe maƙalar bincike. Shi ya sa ake taƙaita manyan saukewa da kallon bidiyo a lokutan karatu, ko da abin da ake kallo ba shi da aibi a kansa. Amfani na ƙashin kai, kamar aika saƙo gida, akasari ana ƙyale shi idan bai wuce kima ba. Yin kasuwanci da rezon makaranta kuwa haramun ne.

Kalmar sirri

Nan ne ƙa'ida ta fi cin karo da ɗabi'armu. Mun saba da aro da taimakon juna. Abokin ɗaki ya ce forfensa ya ƙare, ka ba shi lambarka ya shiga, ba ka ga laifi ba. Amma na'ura ba ta san fuska ba, suna kawai take rubutawa. Duk abin da aka aikata da sunan shigar mutum, shi za a tambaya, ko zagi aka aika, ko shafin sakamakon jarrabawa aka taɓa. Don haka ake hana ba da kalmar sirri ga kowa, har malami ko ma'aikacin da ya nema, ana kuma umartar mutum ya fita daga asusunsa kafin ya tashi daga kwamfutar da jama'a ke amfani da ita. Saƙon da ke cewa a tura kalmar sirri don a ba da tallafin karatu ko a sabunta asusu, tarko ne na ƴan damfara.

Akwai kuma kile, ƙaramar ma'ajiyar da ɗalibai ke yawo da ita tsakanin shagon fotokofi da sibar da ɗakin karatu. Tana cikin hanyoyin da cutar kwamfuta ke bi, kuma kundin kammala karatu na shekara guda kan salwanta ta haka. Ƙa'ida kan nemi a binciki kile kafin a buɗe, a kuma daina sa manhajar sata a na'urar makaranta. Kwafe aikin wani daga intanet a miƙa da sunan kai shi ma yana cikin abin da ake hanawa.

Dokar ƙasa

Takardar jami'a ba ta maye gurbin doka. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ita ke hukunta laifukan intanet a Nijar, daga kutse da damfara zuwa ɓata suna. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, sannan a Yunin 2024 aka maido da shi. Saboda haka ɗalibin da ya yaɗa hoton abokiyar karatunsa a WhatsApp ba da yardarta ba, ko ya ƙaga wa wani ƙarya a Facebook, maganarsa na iya wuce kwamitin ladabtarwa ta kai kotu.

Nauyin da ke kan jami'a

Sau da yawa ana karanta ƙa'idar kamar ɗalibi kaɗai ta ɗaure, alhali ta ɗaure hukuma ma. Jami'a na riƙe da sunaye, ranakun haihuwa, hotuna da makin dubban mutane. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Mai kula da rezo yana iya ganin wanda ya shiga, da lokacin, da yawan abin da ya sauke, domin gyara da tsaro. Wannan bai ba shi damar karanta wasiƙun mutane don son sani ba. Ƙa'ida mai kyau tana faɗa ƙarara abin da ake ajiyewa, tsawon lokacin ajiyar, da wanda ke da ikon ba da izinin dubawa. Toshe shafuka ma yana buƙatar hankali, don ɗalibin likitanci ko na shari'a yana buƙatar karanta abin da manhajar tacewa mai tsauri za ta rufe.

Hukunci yakan tafi mataki-mataki: gargaɗi, rufe asusu na ɗan lokaci, gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, sai kora idan laifin ya yi girma. Kafin a yanke, ana ba wanda ake zargi damar kare kansa, domin mai yiwuwa wani ne ya shiga da sunansa.