Haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan: ina za a sake hannu, ina za a tsuke?

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi fitowa daga bakin mai son haɗa kwamfutar tebur ta buga gem a karon farko, alhali aljihun bai yi nauyi ba.

Na tara 'yan kuɗina. Da wane kaya zan fara?

Kafin kaya, amsa wa kanka abu biyu: wane gem kake bugawa, kuma a kan wane allo? Mai buga Counter-Strike 2, Valorant ko EA Sports FC ba ya buƙatar abin da mai son Cyberpunk 2077 da komai a ƙure yake buƙata. Na farkon ba su cika wahalar da katin hoto ba, na biyun kuwa zai tatse shi tas.

Allon ma lissafi ne. Monita mai 1080p tana da ɗigon hoto miliyan 2 da 'yan kai. Mai 1440p tana da kusan miliyan 3.7, mai 4K kuma miliyan 8.3, wato ninki huɗu na 1080p. Kowane ɗigo a cikinsu katin hoto ne zai zana shi, ya sake zanawa sau 60 ko sau 144 a kowace daƙiƙa. Don haka duk wanda ya sayi babban allo ya ɗora wa kansa sayen babban kati. Mai ƙaramin kasafi ya tsaya a 1080p, monita mai inci 24 da ke sabunta hoto sau 144 ko fiye. Kuma ya sa kuɗinta a lissafi tun farko, tare da kibod da linzami, don mutane da yawa sai sun gama haɗa akwatin suke tunawa ba su da abin kallo.

Tsakanin katin hoto da firosesa, wa ya kamata ya kwashi kaso mafi tsoka?

Katin hoto, babu ja. A ganina, ba shi daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin kuɗin akwatin. Firosesa tana lissafin abin da ke faruwa a wasan: ina harsashi ya nufa, me abokin gaba zai yi, yaya mota za ta kife. Katin shi ke mayar da wannan duka hoto, kuma a yawancin wasanni shi ke fara gajiya. Idan ka ɗauki firosesa mai tsada ka haɗa ta da kati mai rauni, ka sa sirdin zinariya a bayan jaki ne; tafiyar ba za ta sauya ba. Matsakaiciyar firosesa da kati mai kyau ta fi wannan haɗin nesa ba kusa ba.

To wane kati zan nema?

A ajin masu sauƙin kuɗi, sunayen da za ka yi ta cin karo da su su ne Radeon RX 6600 na AMD, wanda ya fito a 2021, da RX 7600 da GeForce RTX 4060 na 2023, da Arc B580 na Intel na ƙarshen 2024, sai RTX 5060 da RX 9060 XT na 2025. Dukansu suna riƙe 1080p da kyau. Zaɓi tsakaninsu ya dogara ga wanda ka samu da rahusa a ranar da za ka saya, don haka duba gwajin da aka yi musu a ainihin wasan da kake bugawa, ka raba da farashin.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne ma'ajiyar katin, wadda ake kira VRAM. A nan katin ke ajiye zanen bango, fuskoki, ciyawa da duk abin da ido ke gani. Idan ta cika, wasan ya fara sarƙewa yana tsalle-tsalle, ko ka ga bango ya zama kamar an shafe shi da ruwa na 'yan daƙiƙu kafin ya washe. Yau 8GB shi ne mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, kuma wasu sababbin wasanni sun fara matsa masa idan aka ƙure saiti. Shi ya sa B580 mai 12GB da RX 9060 XT mai 16GB suke jan hankali. Sai dai katin Intel yana da sharaɗi: sai an kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR a BIOS (shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi) yake ba da ƙarfinsa, kuma tsofaffin madabod, wato farantin da ake jona duk kayan a jikinsa, ba su da shi.

Akwai tarkuna a cikin sunaye. RTX 3060 na asali 12GB ne, amma daga baya an fitar da mai 8GB da suna iri ɗaya, kuma ya fi rauni a gudu ma, ba a ma'ajiya kaɗai ba. RTX 3050 mai 6GB shi ma bai kai mai 8GB ba. RX 6500 XT kuwa 4GB kawai gare shi, kuma layuka huɗu kacal yake amfani da su wajen magana da madabod, har ya fi shaƙewa a kan tsohuwar madabod mai ramin kati nau'in PCIe 3.0. Su GT 710 da GT 1030 ba katunan gem ba ne ko da an zana dodo a jikin kwalin.

Firosesa fa: AMD ko Intel?

Wannan gardama ta fi yawa a baki fiye da a allo. Mai ƙwayoyin sarrafawa shida ta wadatar. Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F, dukansu na 2022, shida-shida gare su, kuma da kati irin waɗanda na lissafa da wuya ka gane wacce ce a cikin akwatin. Suna zuwa da fankar sanyayawa a kwalinsu, wadda ta isa, ko da tana ɗan ƙara idan aiki ya yi zafi.

Kula da haruffan ƙarshe. F a sunan Intel na nufin babu sashen hoto a cikin firosesar, dole sai da kati. Ryzen 5 5600 ma haka take. Ita kuwa 5600G tana da sashen hoto, za ta iya riƙe ka da ƙananan wasanni kafin ka tara kuɗin kati, amma an rage mata ma'ajiyar gaggawa daga 32MB zuwa 16MB, kuma wasanni suna jin wannan ragi. In dai za ka sayi kati yanzu, ɗauki 5600 marar G.

An ce AM4 ya tsufa. Ba asara ba ce in saya yanzu?

Soket AM4, wato mazaunin firosesar AMD a jikin madabod, ya fito tun 2016, kuma gaskiya ne hanyarsa ta zo ƙarshe. Magajinsa AM5 ya zo a 2022, AMD kuma ta ce za ta ci gaba da yi masa firosesa har 2027 ko bayan nan. Wanda ya hau AM5 da Ryzen 5 7600 zai iya cire ta bayan 'yan shekaru ya ɗora sabuwa a madabod ɗin nan dai. Kuɗin shiga ne ya fi yawa, domin AM5 ba ya karɓar komai sai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) nau'in DDR5.

Ga yadda nake auna shi. Idan hawa AM5 zai sa ka sauko da katin hoto mataki guda, kada ka hau. Wasan da za ka buga yau ya fi alkawarin canjin da wataƙila ba za ka taɓa yi ba. Mutane da yawa suna riƙe firosesa ɗaya har sai sun sake kwamfutar gaba ɗaya. Idan kuwa tazarar kuɗin ba ta taɓa katin ba, AM5 ya fi.

Madabod mai tsada tana ƙara gudu?

Ba ta ƙarawa. Aikinta ta dace da soket ɗin firosesarka da nau'in RAM ɗinka, ta kuma samu ramukan da kake buƙata. B550 ga AM4, B650 ga AM5, B660 ko B760 ga Intel mai soket LGA1700. Madabod ɗin Intel ɗin nan akwai na DDR4 akwai na DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, don haka karanta kwalin da kyau. Girman micro-ATX ya fi araha kuma ba abin da zai rage maka. Idan tsohuwar B450 ka samu, tana iya ɗaukar Ryzen 5000 amma sai an sabunta mata BIOS tukuna. Tambaya ko an yi. Shafin PCPartPicker yana nuna maka idan kayan da ka zaɓa ba su jitu ba. Kuma idan ba za ka ja wayar intanet zuwa kwamfutar ba, tabbatar madabod ɗin tana da Wi-Fi, don masu araha da yawa ba su da shi.

RAM nawa?

16GB, kuma sanda biyu masu 8GB, ba sanda ɗaya mai 16GB ba. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin RAM da firosesa, ɗaya kuwa rabin faɗin hanyar take bayarwa. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga gefen firosesa ake sa su. Gudun 3200 ko 3600 ya yi a DDR4, 6000 a DDR5. 32GB yana da daɗi ga mai buɗe burauza da manhajar yaɗa bidiyo yana cikin wasa, amma abu ne da ake iya ƙarawa daga baya.

SSD ko tsohon faifai mai juyawa?

SSD, nau'in NVMe da ake kwantarwa a jikin madabod. Kada lambobin gudu su ruɗe ka: wanda ke karanta 7000MB a daƙiƙa da mai 3500MB kusan tare suke buɗe wasa. Girma ya fi muhimmanci, tunda akwai wasannin da guda ɗaya ya haura 100GB. Nemi 1TB.

Akwatin wuta ba ya ƙara ko hoto ɗaya a daƙiƙa. Me zai hana in sayi mafi araha?

Nan ne wurin da ba a tsukewa. Na'urar nan da ake kira PSU ita ke karɓar wutar bango ta mayar da ita irin wutar da kowane sashe ke sha. Mai kyau tana da kariya: idan wuta ta yi yawa ko waya ta haɗu, sai ta kashe kanta. Marar suna tana iya mutuwa ta tafi da katin hoto da madabod, wato mafi tsadar abin da ka saya. Kuma lambar da aka rubuta a jikin irin waɗannan sau da yawa ƙarya ce. Ɗaga ta a hannu ma yakan ba da labari. Wadda aka rubuta wa wat 700 amma ba ta da nauyi ko kaɗan, a bar ta.

Ba kuma sai ka sayi ƙatuwa ba. RX 6600 yana shan wat 132, RTX 4060 wat 115, B580 wat 190. Ƙara firosesa mai wat 65 da sauran tarkace, za ka ga wat 550 zuwa 650 ya ishe ka har da sarari. Tambarin 80 Plus Bronze ko Gold yana nuna yawan wutar da ba ta ɓacewa a zafi ne, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba ta wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba. Ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne. Abin dubawa shi ne sanannen kamfani irin su Seasonic ko Corsair, gwajin da masana suka yi wa wannan samfurin takamaimai, da tsawon garanti. Mai shekara biyar zuwa sama alama ce kamfanin ya yarda da abinsa. Wani gargaɗi: idan PSU ɗin mai wayoyin cirewa ne, kada ka taɓa sa masa wayar wani PSU ko da bakin ya shiga. Jerin wayoyin ciki ya bambanta, kuma haka ake ƙona SSD.

Akwati da fitilu masu launi fa?

Ka tsuke iya tsukewa. Nemi akwati mai raga a gaba don iska ta shiga, da fanka biyu ko uku, ka kuma gwada tsawon katinka da milimitar da akwatin ya ce yana ɗauka. Sanyaya firosesa mai wat 65 da ruwa ado ne kawai.

Kayan hannu suna da aminci?

Wasu. Firosesa, RAM da akwati da wuya su lalace, sayensu na hannu dabara ce. PSU da SSD kuwa suna tsufa a ɓoye, a saye su sababbi. Katin hoto yana tsakiya, kuma a nan ne ragin ya fi yawa. Bayan kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa, wato samar da shi ta hanyar sa katunan hoto lissafi, a Satumban 2022, katuna masu yawa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun sha wuya. Kada ka biya sai an kunna a gabanka: a buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunan katin da ma'ajiyarsa sun yi daidai da abin da aka faɗa, domin akwai jabu, tsoffin katuna da aka sauya wa suna. Sannan a sa wasa mai nauyi na minti 15 ko 20, kana kallon zafi, kana sauraren fanka, kana duba ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka za su bayyana a allo. Idan tsohuwar firosesa ce, tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana son Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ba ya kuma karɓar Ryzen na farko.

Na haɗa komai, ta tashi, amma wasan yana jan ƙafa. An cuce ni ne?

Leƙa bayan akwatin tukuna. Wayar monita a jikin katin hoto take shiga, a ramukan ƙasa da ke kwance, ba a ramin madabod na sama kusa da na USB ba. Da 5600 ko 12400F kuskuren nan baƙin allo zai ba ka, ka gane nan take. Da firosesa mai sashen hoto irin 7600 kuwa hoto zai fito lafiya lau, sai wasa ya yi ta rarrafe katinka na zaune.

Daga nan shiga BIOS ka kunna XMP, ko EXPO a kan AM5. In ba haka ba RAM ɗin da ka saya a matsayin 3200 zai iya tsayawa a 2133, na 6000 kuma a 4800. Sauke sabuwar diraba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, daga shafin Nvidia, AMD ko Intel. Sannan buɗe saitin allo a Windows ka duba adadin sabuntawa, domin monita mai 144 takan zauna a 60 har sai ka sauya da hannunka. A cikin wasan kuma, sauko daga Ultra zuwa High, ka kunna DLSS, FSR ko XeSS (saitunan da ke rage wa kati nauyi don wasa ya ƙara gudu) idan akwai, ka sake gwadawa.