Sauya wayoyi a cikin FPGA: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Wace irin waya ake sauyawa?

Amsa: Ba wayar da ake yankewa da filaya ba ce. FPGA ƙwayar lantarki ce da ake tsara mata aiki bayan ta fito daga masana'anta. Kamfanin Xilinx ne ya fara sayar da irinta a 1985. A cikinta akwai ƙananan akwatunan lissafi da ake kira LUT, da hanyoyin da ke haɗa su. Waɗannan hanyoyin su ne wayoyin, kuma manhaja ce ke zaɓen wacce za ta haɗu da wacce.

Tambaya: Me ya sa ake damuwa da su haka?

Amsa: Domin su ne ke cin kaso mafi girma na filin ƙwayar, kuma a kansu saƙo ya fi ɓata lokaci. Waya guda mai tsawo a hanyar da ta fi jinkiri ta isa ta rage saurin aikin gaba ɗaya. Shi ya sa ake neman cire irinta a maye gurbinta da wata.

Tambaya: Ta yaya za a cire waya ba tare da aikin ya lalace ba?

Amsa: Dabara ta farko, wadda Entrena da Cheng suka gabatar a 1993, ita ce a ƙara wata waya da ba ta canza sakamakon komai. Shigarta kan sa wata tsohuwar waya ta zama ba ta da amfani, sai a cire ta.

Dabara ta biyu, SPFD (wato jerin yanayi biyu-biyu da dole a bambance), ta fito ne daga Yamashita da Sawada da Nagoya a Japan a 1996, kuma a ganina ita ta fi dacewa da FPGA. LUT mai ƙofar shigar saƙo 4 tana ajiye bit 16 ne (kowane bit 0 ne ko 1), saboda haka tana iya yin kowane ɗaya daga cikin ayyuka 65,536. To, maimakon a tilasta wa sabuwar waya ta ɗauko saƙo iri ɗaya da na tsohuwa, sai a tambaya: waɗanne yanayi biyu-biyu na saƙonnin da ke shigowa ne tsohuwar wayar take bambancewa? Idan wata waya da ke kusa tana bambance su, an samu madadi. Sai a sake rubuta abin da ke cikin LUT ɗin, wanda ba ya ƙara ko ɗan fili.

Tambaya: Yaushe ake yin wannan aiki?

Amsa: Ana iya yi tun farko don rage yawan LUT. Amma amfaninsa ya fi fitowa bayan an zaunar da kowane akwati a gurbinsa, domin a lokacin ne ake sanin wace waya ce ta yi tsawo da gaske.