Tsofaffin Zuri'o'in Karen Bigul da Salon Korar Zomo: Tambayoyi da Amsoshi

A cikin mafarautan zomo na Amurka da Kanada akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: jinin wane kare ya fi, kuma wane irin gudu ne daidai. Karen da ake ta da jijiyar wuya a kansa shi ne bigul, ɗan guntun kare mai faffaɗan kunnuwa masu reto, wanda tsayinsa a kafaɗa bai wuce inci 15 ba. Wasu na son mai bin sawu a tsanake, wasu kuma sai wanda zai hana zomo numfashi.

Wai yaya bigul yake farauta, har ake maganar salo?

Karnukan farautarmu na gida da ido da ƙafa suke aiki: su hango zomo, su rufa masa baya, su cafke. Bigul kuwa da hanci yake aiki, kuma ba a sa ran ya kama komai. Aikinsa ya kutsa cikin sarƙaƙiya ya tayar da zomo, ya ɗora hanci a kan sawunsa, ya bi yana kuka. Zomo ba ya son barin dajin da ya sani, don haka sai ya yi babban zagaye ya dawo kusa da inda aka tashe shi. A nan maharbi yake tsaye da bindiga, yana sauraron kukan karnuka yana nisa, yana karkata, yana dawowa. Sau da yawa zomon ya ba karnukan rata mai yawa, yana tafe yana ɗan tsayawa yana kasa kunne.

Inda ake gane kare shi ne wurin ɓatan sawu. Zomo yakan koma ta kan sawunsa, ya yi tsalle gefe, ko ya bi ta kan busasshiyar hanya inda wari ba ya zama. Sai ka ji daji ya yi tsit. Wani kare zai tsaya daidai inda warin ya yanke, yana sansana taku bayan taku yana faɗaɗa nema a hankali. Wani kuma zai wuce da gudu, ya yi wani ƙaton zagaye yana caca ko zai ci karo da sawun a gaba. Saurin bin sawu da yadda ake warware wannan ɓata, su ne abin da ake nufi da salo.

Daga ina waɗannan zuri'o'i suka samo tushe?

Daga Ingila. A shekarun 1830 wani limamin coci, Phillip Honeywood, ya tara garken karnuka a yankin Essex wanda ake ɗauka shi ne tushen bigul na yau. A can garke guda ake saki a kan zomon fili, mutane su bi a ƙafa, babu bindiga. A shekarun 1870 Janar Richard Rowett na jihar Illinois ya shigo da wasu daga Ingila, kuma karnukansa ne suka zama ma'auni a Amurka. Ƙungiyar rajistar karnuka ta AKC ta karɓi bigul a 1885. A 1890 aka yi gasar daji ta farko a Hyannis da ke Massachusetts, inda wani kare mai suna Frank Forest ya yi fice. Tun daga lokacin gasa ta shiga cikin harkar kiwon, ba ta kuma fita ba. Amurkawa sun kasa karen aji biyu: wanda bai wuce inci 13 ba, da mai inci 13 zuwa 15.

Waɗanne sunaye ne aka fi ji idan ana maganar tsohon jini?

Na farko Patch. Willet Randall ne ya fara kiwonsu tun 1896, a yankin duwatsun Adirondack na jihar New York, ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara. An san su da yawan fari a jiki da dabbare-dabbare, ko da yake ba kowanne ke da wannan launi ba, da dogayen ƙafafu da juriyar wuni ana gudu. Blue Cap ma tsohon suna ne, ana danganta shi da karnuka masu ɗige-ɗigen shuɗi. Yellow Creek daga Missouri ta fito, kuma ta shiga cikin takardun asalin karnuka masu ɗimbin yawa a farkon rabin ƙarni na 20.

Sai kuma karnuka ɗaiɗaiku da suka zama iyayen zamaninsu, irin su Gray's Linesman da Wilcliffe Boogie, waɗanda masu kiwo suka yi ta kai musu karyoyi barbara a tsakiyar ƙarnin. Daga baya aka sami zuri'o'in Gay da Weir Creek, da ake yabo da matsakaicin gudu da riƙe sawu, da kuma Branko na lardin Manitoba a Kanada, masu zafin nema da saurin da ya dace da zomon ƙanƙara, wato zomon dazuka masu sanyi da ke komawa fari da hunturu. A lura, mafarauta ne ke yi wa kowace zuri'a wannan kirari, kuma kowa nasa yake yabo.

Yaya aka yi kare iri ɗaya ya rabu, wani na rarrafe wani na tashi sama?

Dokar gasa ce ta raba su, ba daji ba. Abin da alƙali ya ba maki, shi mai kiwo zai nema a haihuwa ta gaba.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a da shi ne a saki karnuka biyu-biyu a kan zomon da mutane suka tayar musu da sanduna, alƙalai biyu na biye suna kallo. A irin wannan gasa abin da ya fi sauƙin gani shi ne kuskure: wanda ya zarce sawu da taku uku ya faɗi. To ta yaya za ka sami karen da ba ya zarcewa? Ka rage masa gudu. Haka aka yi ta ragewa, tsara bayan tsara, daga shekarun 1950 zuwa 1970, har aka kai ga karnukan da suke tafiya a hankali ƙwarai, suna kuka a kan kowane takun zomo, mutum na iya binsu da tafiyar yawo hannu a aljihu. Ƙwarewar hancinsu abin mamaki ce, wannan ba musu. Amma tun da ba su ne suke nemo zomon ba, da yawansu son kutsawa cikin ƙaya ya ragu, kuma zomon da suke bi yakan gaji da jira ya kwanta. Maharbi mai neman nama ya tashi a tutar babu.

Akwai wani dalilin da ya ƙara wa abin ƙarfi. Barewa ta yawaita a gabashin Amurka a wannan zamani, filayen farauta suka ƙanƙance, tituna suka ratsa ko'ina. Kare mai sauri idan ya bar zomo ya bi barewa, sai dai a wuni ana nemansa, wani lokaci a tsince shi a bakin titi. Mai jinkiri kuwa kana iya cim masa ka ɗauke shi.

Daga shekarun 1970 masu bindiga suka yi bore. Aka fito da gasar ƙaramin garke, inda ake sakin karnuka kaɗan su nemo zomon da kansu, a kuma harba bindiga don a ga wanda zai firgita. Wasu ƙungiyoyin masu karnukan farauta irin su ARHA da UKC suka kawo nasu tsarin, inda ake ƙirga maki ga wanda ya tayar da zomo da wanda ya fara warware ɓata. Wannan ma ya zo da nasa ciwon: idan riga kowa shi ne maki, kare mai caca da yanke hanya yakan ci, a kuma yi ta barbara da shi. A jihohin arewa na Amurka da Kanada kuwa, inda ake gasar babban garke a kan zomon ƙanƙara, ana sakin karnukan aji guda gaba ɗaya su yi sa'o'i suna gudu, don haka can ba a taɓa barin juriya da sauri sun mutu ba.

To wanne ya fi, mai sauri ko mai natsuwa?

Sai an tambayi wane zomo, a wace ƙasa. Zomaye uku ake magana a kai, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙaramin zomo mai farin bindi, wanda aka fi farauta a gonaki da gefen shinge, zagayensa ƙarami ne, dabararsa yawan lanƙwasa. Ba ya haƙa rami da kansa, amma ya san duk ramin da wata dabba ta haƙa a unguwarsa. Ka matsa masa da karnuka masu tsananin gudu, cikin ɗan lokaci ya shige rami, farauta ta ƙare. Nan matsakaicin kare mai riƙe sawu ya fi kawo zomo gaban bindiga. Zomon ƙanƙara na dazukan arewa, wanda gashinsa ke komawa fari da hunturu, shi kam ba ɗan rami ba ne. Yana miƙewa ya yi nisa har kukan karnuka ya ɓace wa kunne kafin ya juyo, kuma faffaɗan ƙafafunsa ba sa nutsewa a dusar da kare ke lumewa. Karen da ke lissafa taku ba zai dawo da shi ba kafin rana ta faɗi. Zomon fadama na jihohin kudu ya fi mai farin bindi girma, yana gudu mai nisa, yana kuma faɗawa ruwa ya yi iyo don ya yanke wari.

A ganina, tambayar sauri tambaya ce da aka ɗora a karkace. Karen kirki gudunsa yana bin ƙarfin wari. Da safe, raɓa na kan ciyawa, iska ba ta motsi, sai ya ɗaga kai ya zuba gudu domin warin na tashi har ƙirjinsa. Da rana ta take, ganye ya bushe, ko ƙasa ta daskare, sai ya sauke hanci ya rage. Wanda ke da gudu ɗaya tak, ko sauri ko jinkiri, rabin kwanakin shekara ba su dace da shi ba. Kuma mai saurin da ke zarcewa yana ɓata minti biyu a kowace kwana, a ƙarshe matsakaicin da bai tsaya ba ya riga shi rufe zagaye. Sauri ya haifi nawa.

Ana iya haɗa salo biyu a garke ɗaya?

Ana iya, amma ba a cika jin daɗi ba. Mai jinkirin yakan gaji da zama a baya, ya koyi yanke hanya ko ya daina kuka. Mai saurin kuma ya saba da barin wahalar ɓata ga wani. Abin da ke amfani shi ne bambancin baiwa a cikin gudu iri ɗaya: wannan gwanin tayarwa, wancan gwanin warware ɓata.

Waɗanne aibobi ne ke bin jini?

Mafarauta sun fi tsoron uku. Akwai kukan banza, wato kare ya yi ta ɓaɓatu inda babu sawu, har sauran su daina yarda da muryarsa. Akwai bin sawu ta baya, ya nufi inda zomo ya fito maimakon inda ya tafi, wanda da wuya a gyara. Sai gudun shiru, ya sami sawu ya ƙi faɗa don kada a riga shi. Zuri'o'in da aka matsa wa ƙarfin hanci sukan karkata ga yawan baki, waɗanda aka matsa wa gasa kuma ga rowar baki da zarcewa. Bin barewa ya fi alaƙa da horo, kuma yau abin wuya mai nuna inda kare yake ta tauraron ɗan'adam ya rage wa masu karnukan sauri fargaba sosai.

Idan takardar asali ta nuna Patch ko Yellow Creek, an sami irin na da ke nan?

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗa aka ce, ba tattaɓa-kunnen tattaɓa-kunne ba. Ɗan kwikwiyo yana ɗaukar rabi daga uwa, rabi daga uba. Kakan da ke tsara ta biyar a baya, idan sau ɗaya ya bayyana, rabonsa kusan kashi 1 cikin 32 ne. A tsara ta goma ya koma 1 cikin 1,024. Karen da ya yi tashe a 1950 ya kai wannan nisa ko ya wuce. Rabon yana ƙaruwa ne kawai idan masu kiwo sun yi ta haɗa dangi da dangi da gangan, wanda ke riƙe hali amma yana riƙe aibi da cuta tare da shi.

Ban da haka, zuri'a idon mai ita ce. Randall ya san abin da yake so, ya san wanda zai ajiye da wanda zai fitar. Bayan shi sunan ya watsu a hannaye da yawa, kowa da abin da yake nema, shi ya sa za ka ga karnuka biyu masu suna Patch, ɗaya na zomon ƙanƙara ɗaya na gefen gona, ba abin da ya haɗa gudunsu.

To me mai saye zai duba?

Uwa da uba, da 'ya'yan da suka riga suka haifa, a daji ba a takarda ba. Ya tambayi wane tsarin gasa aka ci kambun da ake tallata masa, domin zakaran biyu-biyu da zakaran babban garke sana'arsu daban. Ya nemi a saki uwar ita kaɗai, saboda garke yana rufa wa rago asiri: ita ce za ta shiga ƙaya, ita za ta tayar, ita za ta warware kowace ɓata har zomon ya zagayo. Idan da hali, kada ya yarda a nuna masa ita da sassafe kawai lokacin da raɓa ke taimakon kowane hanci. Ya koma da azahar, ranar da iska ke kaɗawa ganye ya bushe, ya sake kallonta.